Ƙararrawar Alƙalin Dijon

Léontine ta hango shi tun daga bakin layin masu agogo, kuma ba ta yi mamaki ba, don sati uku ke nan tana jiransa. Aristide Vauthier ne, da baƙar hularsa da sandarsa mai kan azurfa, yana takawa cikin kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen kamar shi ya shimfiɗa duwatsun hanyar. Ya tsufa, fatar wuya ta saki, amma girman kan yana nan inda ta bar shi shekara goma sha tara da suka wuce. Ta ci gaba da yanka cuku a kan burodinta, ko zama ba ta gyara ba.

Rumfarta ba wata rumfar a zo a gani ba ce. Guntattakin tagulla take sayarwa: mariƙan ƙofa, makullan da kwadonsu ya ɓata, ƙafafun fitilu, murafen da suka rabu da tukwanensu tun kafin a haife ta. Amma sati uku da suka wuce ta share tsakiyar tebur, ta shimfiɗa jan karan-miski, ta ɗora wata 'yar ƙararrawa da ba ta fi ƙwan agwagwa ba. Ganyen inabi ya zagaye jikinta, mariƙinta kuma nonon inabi ne, ruwan zinariyarta ya dushe irin dushewar da shekaru kaɗai ke yi. A gabanta ta ajiye takarda: ba ta sayarwa ba ce. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ta bar bakin 'yan kasuwa ya kai saƙon inda take so.

"Madam Chazal," in ji Aristide, idonsa a kan ƙararrawar. "Ashe kina nan."

"Ina zan je? Ku ne masu zuwa wurare, Yallaɓai."

"Zan iya dubawa?"

"Kai kam duba. Juya ta ma, ka leƙa cikinta da kyau, kada gobe ka ce an cuce ka."

Ya zaro farar safar hannu ya sa, ya maƙala gilashin dubawa a idonsa. Léontine ta zuba masa ido tana tauna burodi a hankali, tsana tana tafasa a cikinta, sabuwa fil kamar jiya abin ya faru.

Aristide ba ya tara komai a duniya sai mazaunin tawada, irin wanda manyan da suke ɗorawa a teburin rubutu: farantin tagulla mai ƙafafu, kurtun tawada a dama, kurtun yashin shanya rubutu a hagu, a tsakiya kuma ƙararrawar kiran bara. Yana da ɗari da goma sha huɗu a gidansa cikin akwatunan gilashi, bai taɓa zuba wa ko ɗaya tawada ba, wai tana cin zinariya. Wanda ya fi so duka shi ne na wani alƙalin garin Dijon, wanda aka ƙera shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce. Sai dai tun ranar da ya saye shi gurbin tsakiya fanko ne, ƙararrawar ta ɓata. Shekara arba'in yana neman ta, har ya zama abin tsokana a kasuwa.

Firmin, mijin Léontine, shi ne mai yi masa gyara. Masu gyaran tagulla suna da ƙa'ida tun iyaye da kakanni: duk abin da ka zuba sabo don cike gurbin wanda ya ɓata, murfi ne ko ƙafa, sai ka buga alamarka a cikinsa, inda ba a gani sai an juya. Alamar tana shaida cewa wannan ba na asali ba ne, hannun wane ne. Abu mai alama kuwa, komai kyansa, sabo ne a wajen masu tara kaya, ba ya shiga sahun na da. Alamar Firmin harafin F ne cikin ɗan da'ira, bai fi ƙwayar alkama ba, kuma bai taɓa barin aiki ya fita shagonsa babu ita ba.

Wata shekara Aristide ya sayar wa wani likita daga Liège mazaunin tawada, ya rantse masa hannun mai gyara bai taɓa shi ba. Alhali murfin kurtun yashin Firmin ne ya zuba shi, Aristide ya sa magagari ya goge alamar. Likitan ya kai wa masana, suka ga wurin da aka goge. Da asiri ya tonu, sai Aristide ya shigo gidan abincin da ke kusurwar kasuwa ranar Litinin, lokacin da dillalai suka cika tebur, ya tsaya a kan Firmin ya shafa masa kashin kaji. Ya ce ya kai masa kaya da murfin asali, Firmin ya sace ya musanya da jabu, ya goge alamarsa don kada a gane. Firmin ba mai baki ba ne. Ya miƙe da cokali a hannu, ya ce "Aristide, haba," sai maganar ta tsaya a nan.

Sana'ar gyara amana ce, mutum yakan bar maka abin da ya fi gidansa tsada ya tafi. Kafin wata ya ƙare kowa ya zo ya kwashe kayansa. Firmin ya ci gaba da buɗe shago kullum da safe, ya jera kayan aiki, ya zauna gaban teburin da babu komai a kai. Shekara biyu ya yi a haka, ciwon zuciya ya ɗauke shi. Cikin dillalan nan mutum ɗaya ya zo jana'iza, Célestin mai agogo, maƙwabcin rumfarta na yanzu.

Ita kuwa ƙararrawar, bara Léontine ta tsince ta cikin buhun zobban labule da aka kwaso daga wani tsohon gida a Dijon. Ba sa'a ba ce zalla. Shekara goma sha bakwai tana sayen duk tarkacen da ya fito daga garin nan, don ta san abu ɗaya ne a duniya zai kawo Aristide gabanta da ƙafarsa. Firmin ya taɓa ɗaukar siffar gurbin ƙararrawar da kakin zuma lokacin da mazaunin alƙalin ya kwana a shagonsa, kakin yana nan cikin akwatin kayan aikinsa. Da ta gwada bakin ƙararrawar da shi, sai ya yi daidai, ko gashi ba ya shiga.

Aristide ya juya ƙararrawar, ya daɗe yana leƙen cikinta. Tsaf take, babu alama, babu sawun magagari. Ya kaɗa ta sau ɗaya, muryarta ta fito siririya.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Faɗi abin da kike so."

"Ka iya karatu ai. Ga takarda nan."

"Madam, komai yana da kuɗi. Rumfar nan ko ruwan sama ba ta tarewa. Zan iya sa ki huta har ƙarshen rayuwarki."

"Na gode, hutun da ka ba mijina ya ishe mu." Ta miƙa hannu ta karɓe ƙararrawar. "Kyauta zan ba ka, amma da sharaɗi. Jibi Litinin, ƙarfe ɗaya na rana, gidan abincin kusurwa, teburin nan dai. Ka zo da mazaunin alƙalin. Zan zuba tawada a kurtunsa, ka zauna ka rubuta abin da ka yi wa Firmin, ka sa hannu a gaban mutane."

"Tawada?" Sai ka ce wuta ta ce za ta zuba. "Kin san abin da tawada ke yi wa zinariya?"

"Na san abin da ƙarya ke yi wa mutum. Tawada ba ta kai ta ba."

"Tsohuwar magana ce wannan, kowa ya manta."

"To ba asara ke nan, ka tuna musu. In ƙarfe ɗaya ta wuce ban gan ka ba, Talata da safe zan kai ta wa mai zubi ya narkar min da ita. Ƙofar banɗakina na neman mariƙi."

Ya dube ta, karo na farko tun zuwansa, ya ga ba wasa take ba. Ya cire safar hannunsa yatsa bayan yatsa, ya juya ya tafi, ko sallama babu.

Célestin ya leƙo daga bayan agogunansa, da ma kunnensa yana wajen tun farko. "Ba zai zo ba, Léontine. An ce ya ba garinsu kayan duka, za a buɗe ɗaki da sunansa a gidan tarihi in sanyi ya wuce. Mai shirin ganin sunansa a kan ƙofa zai zo ya tsiraita kansa gaban 'yan gwanjo?"

"Zai zo. A wajensa mu ba mutane ba ne, abin da ya faɗa a gabanmu kamar ya faɗa wa bango ne. Amma ramin nan na tsakiyar faranti, shi yake hana shi barci. Kai dai ka gaya wa tsofaffin su zo, har da masu dogara sanda."

"Ke kuma ki ba shi ita haka kawai? Takarda ɗaya, shi ke nan?"

"Gyara agogonka, Célestin, yana gudu."

Tambayar ta bi ta gida. Takarda ɗaya. Firmin yana ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa Aristide zai wanke hannu, ya hau mota da ƙararrawarsa, a yanka kirtani a ƙofar ɗaki mai sunansa, a tafa masa. Ta kwana biyu tana juya abin, ta ga lissafin bai yi mata ba. Ba wanke sunan mijinta kaɗai take so ba, gaskiyar magana ke nan. So take mutumin nan ya riƙe gaskiya a hannunsa, ya faɗe ta da ƙarfi, a kalle shi a yi dariya, ya ji yadda abin yake.

Litinin da safe, bayan ta sha kofi, ta jawo akwatin Firmin daga ƙarƙashin gado. Ɗan ƙarfen buga alamar yana naɗe cikin tsumman da ya naɗe shi da hannunsa. Ta kwantar da ƙararrawar a kan jakar yashi, ta karkata ta, ta saita bakin ƙarfen a gefen ciki. Nan ta tsaya. Ta san da Firmin yana raye ba zai yarda ba. Mutumin da bai taɓa barin aikinsa ya wuce a matsayin na da ba, ba zai so a ɗora sunansa kan aikin wani ba, kuma zai ce wanda ya zuba ƙararrawar nan bai yi mata laifin komai ba. Ta ji kunyarsa sosai, har idonta ya kawo ruwa.

"Ka yi haƙuri, maigida," ta ce. "Kai ka yi naka irin, ka ga inda ya kai mu."

Bugu ɗaya ta yi da guduma. Harafin ya zauna cikin da'irarsa, yana ƙyalli. Ta shafa masa ruwan tsami, ta bi da baƙin fitila da kakin zuma, ta murza da babban yatsa har ƙyallin ya mutu. Shekara ashirin ta yi tana miƙa wa Firmin kayan aiki, ba a banza ba.

Gidan abincin ya cika kafin ƙarfe ɗaya. Tsofaffin dillalai goma sha ɗaya suka jeru a dogon tebur, waɗanda suka ji zancen da kunnensu a wancan lokaci suka sunkuyar da kai cikin miya. Yau ma miyar albasa ce. Léontine ta dube su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya haɗa ido da ita, kuma hakan ya yi mata daɗi.

Saura minti biyar Aristide ya shigo rungume da akwatin fata. Ya buɗe, ya fito da mazaunin alƙalin ya ɗora tsakanin kwandon burodi da kwalbar giyar inabi. Har masu haushinsa sai da suka yi shiru, don abin ya kai a kalla. Ganyen inabi ya bi gefen farantin ya nannaɗe kurtu biyun, a tsakiya ga gurbin nan fanko.

"Mu yi mu gama," ya ce. "Mota na jirana."

Léontine ta buɗe murfin kurtun, ta tsiyaya baƙar tawada daga tsohuwar kwalbar Firmin. Aristide ya runtse ido kamar ana cire masa haƙori. Ta cika ɗaya kurtun da yashi, ta tura masa takarda da alƙalamin gashin tsuntsu.

"Rubuta. Ni, Aristide Vauthier."

"Na san sunana."

"Madalla. Da hannuna na goge alamar Firmin Chazal daga murfin da na sayar wa likitan Liège."

Ya tsoma alƙalami. Mutumin da ya tara kurtu fiye da ɗari biyu ashe bai iya riƙe alƙalamin ba. Ya ɗebo tawada da yawa, kafin ya kai takarda ɗigo ɗaya ya faɗi a kan ganyen inabin farantin. Ya zabura zai goge da hannun riga.

"Bar shi," in ji Léontine. "Gama tukuna. Firmin bai taɓa musanya min komai ba. Ƙarya na yi masa a wannan tebur."

"Ba za a ce kuskure ba? Rashin fahimta aka yi."

"Ƙarya. Haruffanta ba yawa, ba za ta gajiyar da kai ba."

Wani a ƙarshen tebur ya yi tari don ya ɓoye dariya. Aristide ya rubuta, ya sa hannu. Ta sa shi ya barbaɗa yashi a kan rubutun yadda alƙalin ya saba yi, sannan ya miƙe ya karanta da bakinsa. Ya karanta da sauri, murya ƙasa-ƙasa, idonsa na kan ɗigon da ke bushewa a jikin zinariya. Célestin ya sa hannu a matsayin shaida, sauran suka bi, har da waɗanda suka fara kwashe kayansu daga shagon Firmin.

Léontine ta ciro ƙararrawar daga jakarta ta ajiye a gabansa. "Ga taka. Ni ba na saɓa alkawari."

Ya ɗauke ta da hannu biyu ya ɗora a gurbin. Ta zauna daram, ganyen jikinta ya haɗu da na farantin kamar ba su taɓa rabuwa ba. Fuskarsa ta saki. Shekara arba'in. Sai ɗabi'ar sana'a ta motsa, ya sake ɗaga ta, ya juya, ya maƙala gilashi a ido. Léontine ta ga lokacin da idonsa ya faɗa kan harafin.

"Babu wannan ranar Asabar," ya ce.

"Babu me, Yallaɓai?"

"Ke kika buga. Na duba ranar Asabar, tsaf take. Ta asali ce, kin san ta asali ce."

Célestin ya miƙa hannu ya karɓa, ya sa nasa gilashin. Ya daɗe yana dubawa. "F ce," ya ce a hankali. "Alamar Firmin ce, ga ɗan tsagin da ke gefen da'irar, na san shi." Ya juya ƙararrawar yana bin ganyen da yatsa. "Kai, Allah ya ji ƙan mutumin nan. Ku dubi jijiyar ganye. Ku dubi yadda ya tsufar da zinariyar. Ni da na rantse ta zamanin sarakuna ce."

Ƙararrawar ta shiga zagaya tebur daga hannu zuwa hannu, kowa da gilashinsa. Wannan ya ce bai taɓa ganin zubi irinsa ba. Wancan ya ce da ma ya sha faɗa babu kamar Firmin a duk Paris, alhali bai taɓa faɗa ba. Léontine ta zauna tana jin ana yabon mijinta a teburin da aka kashe shi, a kan aikin da bai yi ba. Abin ya yi mata zaƙi, ya kuma yi mata ɗaci, ta haɗiye duka biyun.

"Ku saurare ni." Aristide ya buga sanda a ƙasa. "Shekararta ɗari biyu da hamsin. Matar nan ce ta buga alamar, da idona na ga cikinta babu komai. Gaskiya nake faɗa muku."

"Wace gaskiyar?" in ji wani tsoho mai sayar da madubai. "Ta yanzu, ko ta shekara goma sha tara da ta wuce?"

"Yallaɓai, tawadar ma ba ta gama bushewa ba," in ji wani. "Kada dai ka je ka goge wannan ma. Mu goma sha ɗaya muka gani, kuma masu gidan tarihi suna da kunne."

Aka yi dariya, ba mai ƙarfi ba, irin ta tsofaffin da suka sami wanda za su ɗora wa laifin da suke da kaso a ciki. Aristide ya buɗe baki ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana neman mutum guda da zai yarda da shi. Ya tsaya daidai inda Firmin ya tsaya da cokalinsa. Daga ƙarshe idonsa ya dawo kan Léontine.

"Kin lalata abin da ba za a sake yin irinsa ba," ya ce.

"Na sani," ta ce. "A wajenka na koya. In za a rubuta a jikin gilashin ɗakin naka, Chazal da z ake rubuta shi."

Ya tattara kayansa. Bai zubar da tawadar ba, bai naɗe komai ba, ya tura mazaunin cikin akwati ya jefa ƙararrawar a kai ya rufe. Léontine ta karkaɗe yashin takardar, ta ninke ta huɗu, ta sa cikin rigarta. Célestin ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Yaushe Firmin ya zuba ta? Kullum ina shagonsa, ban taɓa ganinta a teburinsa ba."

"Sha miyarka, Célestin, tana hucewa."

Ya dube ta, sannan ya ɗauki cokali. Ta taga Léontine tana ganin Aristide yana bin layin masu agogo, rungume da akwatin a ƙirji, tawada na ɗiga daga kusurwarsa a kan rigarsa. Ya manta bai ɗaure harshen ƙararrawar ba. Duk takun da ya yi sai ta buga, masu rumfuna suna ɗagowa suna kallonsa, har ya kai bakin titi tana bugawa.